Kwalba Uku a Jijiyar Yaya Nomau

Wa ɗaya gare ni a duniya, Nomau, kuma shi na ɗauka zuwa Abijan da robar fitsari a jikinsa, wata huɗu kafin ruwan shuka. Alkawari ɗaya ya sa na yi masa: zan maido shi Tajaye da ƙafarsa ya zuba iri a gonarsa, ba zan bari a binne shi a ƙasar da ba a noman hatsi ba. A can kuwa mutum ɗaya na dogara da shi, mai masaukina Alhaji Sahabi, wanda na shekara goma sha tara ina sauke wa albasa. Da su biyun na fita a hannu. Ban san tafiyar za ta sa in saki ɗaya ba.

Sunana Isuhu. Da dakon buhu na fara a Galmi, har na kai ga cika kamyo, babbar motar kaya, da albasata ina turawa gabar teku. Ban yi lakwal ba, wato boko. Faransancina na kasuwa ne, na duwan, wato kwastan, da jandarma. Nomau ya girme ni da shekara sha huɗu, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma bai taɓa wuce Ƙonni ba sai da fitsari ya tsaya masa. Wani likita a Yamai ya sa masa robar, ya ce ciwon daji ne ya kama wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wanda suke ce wa furostat, har ya fara taɓa ƙashin baya. Na ce a rubuta mana takarda zuwa Abijan, tunda can nake da mutane. Wannan a tsakiyar shekarun casa'in ne.

Daga Wagadugu hanya ta fara nuna mana halinta. Kujerar motar katako ce da ɗan soso, duk ramin da muka faɗa sai in ga Yaya ya cije leɓe. Jakar fitsarin tana rataye a ƙugunsa ƙarƙashin riga, in ta cika sai in roƙi direba ya tsaya. Sau biyu ya tsaya da fara'a, a na uku ya ce motarsa ba asibiti ba ce. A Bobo wata Bafilatana mai fura ta ga yadda Yaya ke kallon ƙwaryarta, ta dama masa ba tare da ya tambaya ba. Ya sha, ya share baki, ya ce hatsinsu bai kai namu ba amma hannunta na da albarka.

A kan iyaka wani jandarma ya ga tudu a ƙarƙashin rigarsa, ya taɓa da sanda, ya ce a fito da abin da aka ɓoye. Na fara bayani, ya ce ba da ni yake ba. Sai Yaya ya ɗaga riga a hankali, jakar ta bayyana rabi cike.

"Isuhu, ce mashi in gwamnati na da kaso ciki ya ɗiba," in ji shi.

Ban fassara ba. Jandarman ya miƙo mana takardunmu yana kallon wani wuri.

A Buwake wani mutum mai farar riga irin ta likitoci ya shigo motar yana tallan garin magani. Da ya hango robar sai ya nufo mu, ya ce cokali uku na garinsa sun isa a cire ta. Na karɓi ƙullin, na kwance, na ce ya lasa in gani. Ya ce shi ba ya ciwo. Na ce to ni ma ba na sayen abin da mai shi ke tsoro. Na faɗi wannan ne don a san ni ba mutum ba ne da ake rufe wa ido. Ƙa'idata a sana'a ɗaya ce: ba na ɗaukar buhu sai an juye shi ƙasa na ga ta gindi, don kowa ya iya jera mai kyau a baki. Duk da haka abin da ya faru ya faru.

Wanda bai yi fatauci ba bai san girman mai masauki ba. Shi ke tarbar kayanka, ya ba ka ɗaki da tuwo, ya samo masu saye, ya tsaya maka in an kama ka. Ba ka tsallake shi, ba ka musa masa a gaban jama'a, abin da ya ba ka kuma ba ka juya shi kana dubawa. Alhaji Sahabi mutumin Illela ne da ya tsufa a Abijan. Ya kwashe buhunan da ke ɗakin kusa da zaurensa, ya sa aka shimfiɗa wa Yaya katifa, ya ce gidan nan gidanku ne har Allah ya ba da lafiya. Da gaske yake, wannan ba zan taɓa hana masa ba.

Likitan da muka samu dattijo ne mai ƙaramar murya, ba ya gaggawa. Ya ce wannan ciwo da ruwan mazantaka yake ci, wanda 'ya'yan maraina ke yi. In an yanke masa abincin sai ya lafa, ko da bai mutu ba. Hanya biyu ce: a cire 'ya'yan marainan gaba ɗaya, ko a riƙa yin wata allura a fatar ciki duk wata.

Na juya wa Yaya maganar da Hausa.

"Fiɗiya ke nan, awa bunsuru."

"Haka ya ce, Yaya. Ko allura."

"A yi allurar. Ban zo garin mutane in bar kayana ba."

Likitan ya rubuta a ɗan littafin asibiti, sannan ya dube ni ya ce duk abin da zai shiga jikin mutumin nan, na sha ko na allura, na boka ko na farmasi, in fara kawo masa ya gani. Na ce to.

Allurar ta yi aiki. Satin farko ciwon bayan ya ɗan ƙaru, kamar yadda aka gaya mana, daga nan ya sauka. Cikin wata na biyu aka cire robar, ya yi fitsari da kansa a bayan gida, ya fito yana murmushi kamar an yi masa haihuwa. Sai dai allurar ta zo da nata. Ƙarfi ya ragu. Zafi kan taso masa daga ƙirji zuwa fuska, zufa ta jiƙa riga ko da sanyin safiya. Mutumin da ke noma daga hantsi zuwa la'asar ya koma zaman tabarma yana fifita. Ga kewar gida. Abincin rogonsu bai karɓe shi ba, kuma duk direban da ya sauka daga gida sai ya tambaye shi ko an fara sharar gona.

A nan 'yan dubiya suka shigo. Mutanenmu, a gida ko a zango, ba su yarda an yi wa majinyaci magani ba sai sun ga kwalba a rataye, ruwa na ɗiga cikin jijiya. Ƙwaya wasa ce, allura dama-dama, ƙarin ruwa shi ne magani. Har ya zama abin girmamawa: mai hali in ya zo dubiya, maimakon goro ko lemo, sai ya ce a yi wa wane ƙarin ruwa a kansa, shi zai biya. Duk wanda ya shigo ya ga Yaya yana zufa sai ya ce asibiti na tsotse shi.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, Alhaji ya shigo da surukinsa Hamidu, wanda ake ce wa Majo, wato malamin asibiti, don ya taɓa aiki a wani ɗakin shan magani. Jama'a cike da zaure.

"Isuhu, ga kyautata ga yayanka," in ji Alhaji. "Wanga ruwa daga Turai anka kawo shi. Manyan mutane ka yin shi."

Majo ya jera ƙananan kwalabe a faranti. Ya ce bitamin Se ne mai yawa da wasu 'yan uwansa, aikinsu kankare tsatsar da ke cikin jini, kamar yadda ake kankare ta a jikin ƙarfe. Ya ce allurar asibiti na kashe ciwo, wannan kuma na raya mutum, ba sa faɗa da juna. Ya fasa su ya zuba a babbar kwalba, ruwan ya koma launin ɗorawa. Ya rataya a ƙusar da ake rataya fitila.

Na tuna maganar likita sarai. Na tuna mutumin Buwake. Amma wannan ba baƙo ba ne a mota, mai masaukina ne a zaurensa, gaban mutum ashirin. Na ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji." Buhun nan ban juye shi ba.

Kwalba ta farko ba abin da ya faru. Yaya ma ya ce ya ji daɗin jikinsa, ko ruwan ne, ko ganin an damu da shi ne, Allah masani. Sati na gaba aka yi ta biyu. Da muka je karɓar allura ta uku likita ya tambaye ni ko akwai wani abu da yake samu a waje. Na ce babu. Wannan ƙaryar ita ce mafi tsada da na taɓa yi, kuma ba don riba na yi ta ba, don kunya.

A kwalba ta uku wani attajiri da ya zo dubiya ya ce shi ma yana so ya sa hannu, a ninka. Majo ya ninka, har ya ƙara. Washegari da hantsi Yaya ya kira ni bayan gida, ya nuna mini gwangwanin da yake fitsari a ciki. Baƙi ne, kamar zoɓon da ya kwana. Da na dubi Yaya a rana sai na ga farin idonsa ya yi rawaya, yana haki daga tafiyar taku goma.

Aka kira Majo. Ya leƙa gwangwanin ya ce alhamdu lillahi, dattin ne ke fita, a ƙara kwalba ɗaya a wanke saura.

Na zaga bayan ɗaki inda ake zuba shara, na tsince fasassun kwalaben nan ɗaya bayan ɗaya da kwalayensu, na zuba a buhun albasa. Da na fito Alhaji na tsaye a bakin zaure.

"Ina za ka da wagga shara?"

"Asibiti, Alhaji. Likita zai gani."

"In ya gani sai ya tambayi wa ya yi. Hamidu ba shi da takarda, ka sani. Ɗiyata ke gidanshi."

"Ba ni kiran sunan kowa. Amma sai ya ga abin da ya shiga jikin yayana."

"Shekara nawa muna tare, Isuhu? Alheri na yi maka, za ka kai ni ƙara wurin kafirai."

"Alheri ka yi, ban musa ba. Ga shi can cikin gwangwani."

Bai kamata in faɗi ta ƙarshen ba, amma ta fita. Ya gyara hularsa, ya ce a hankali, "In buhun ga ya fita gidan ga, naka buhunan su nemi wani gida."

Na saɓa buhun a kafaɗa ɗaya, Yaya a ɗayar, muka fita neman taksi.

Likita ya juye kwalaben a kan tebur yana karanta su ɗaya-ɗaya. Bai yi mini faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Yanzu na san abin da nake nema." Suka ɗebi jini suka auna. Bayaninsa shi ne, akwai mazan da aka haifa da jini mai rauni ta wani gefe, kuma suna da yawa a ƙasashenmu. Mutum zai tsufa bai sani ba, sai ranar da wani magani ya shige shi da yawa, ƙwayoyin jinin su farfashe. Bitamin ɗin da ke cikin lemo ba ya yi wa kowa haka, amma a ɗura mai yawa irin wannan kai tsaye cikin jijiya, wani zance ne. Ga ƙodarsa da ma ta wahala tun lokacin da fitsari ya tsaya, yanzu an tura mata aikin da ya fi ƙarfinta. Ya ce da an yi ta huɗu, bai san ko za mu yi wannan hirar ba.

Na ce to ban da wannan raunin, ruwan nan na taimakon allurar ko yana ɓata mata aiki?

Ya ce, "Ban sani ba. Ba a gwada su tare yadda zan iya ba ka amsa ba. Akwai waɗanda aka yi wa ba abin da ya same su, ban kuma ga wanda ya warke saboda shi ba. Wanda ya ce maka ya tabbata, tambaye shi a ina ya gani."

Na yi shekaru ina ciniki da mutane, ban taɓa jin mai kaya ya ce bai san kayansa ba. Tun daga ranar na yarda da dattijon nan fiye da dā.

Ana bukatar jini. Aka gwada nawa ya dace, suka ɗibi abin da za su iya. Da Yaya ya farfaɗo ya ga jakar a rataye sai ya ce, "Wanga kuma wa ya biya?" Na ce nawa ne. Ya ce, "To shi na san gonar da anka noma shi."

Kwana goma sha ɗaya muka yi a ɗakin majinyata. Kayanmu na sa aka kwaso daga gidan Alhaji, wani maigadi Bamoshe da ke jin Hausa ya ba ni gefen rumfarsa nake ajiye tabarma. A gadon da ke kusa da na Yaya akwai wani tsoho manomin koko, shi ma irin allurar ake masa. Ba mai jin yaren wani. Amma in zafin nan ya taso wa ɗaya sai ɗayan ya miƙa masa mafici, su dubi juna su yi dariya. Matar tsohon ce ta gano inda ake sayar da hatsi a wata kasuwa, ta kawo, na dama masa kunu da hannuna a kan kurfotin maigadi.

Fitsarin ya washe a hankali, daga baƙi zuwa ja, daga ja zuwa yadda Allah ya yi shi. Ranar da likita ya ce ƙodar ta tsira, wani direba ya kawo labarin an ga hadari ta gabas da Malbaza. Yaya ya sa na zauna a bakin gado.

"Allurar ga, duk wata ce har mutuwa?"

"Haka ya ce."

"A Tajaye wa za shi yi mini ita?"

"Sai mu zauna nan, ko in riƙa aiko da ita, in an samu mai kawowa ba ta lalace ba."

"In ta makara fa?"

Ya dubi silin, ya yanke magana da kansa.

"Tahi ka ce ma dattijon ga ya wasa wuƙarshi. Ɗiya tara na haifa, sun isa. Allurar ma ta riga ta kwantar da abin da nike tsaro. Gona nika so."

Na ce ya ƙara tunani. Ya ce wata uku yana tunani a kan tabarmar mutane. Aka yi aikin da safe, bai kai tsawon sallar Juma'a da huɗubarta ba. Da ɗinkin ya kama, likita ya rubuta mana takarda zuwa ga na Yamai, ya rubuta sunan raunin jinin nan da manyan baƙaƙe a bangon littafin, ya ce duk wanda zai ba shi magani a fara nuna masa.

Kafin mu taso na je yi wa Alhaji sallama. Aka ce ba ya nan, alhali takalmansa na bakin zaure. Na bar masa goro na tafi.

Mun iso Tajaye ruwan farko ya riga mu da kwana biyu, ƙasa ba ta bushe ba. Yaya bai iya riƙe sungumi ba, ɗiyansa suka yi saran, shi yana bin su a baya da ƙwaryar iri, yana zubawa yana rufewa da diddige. Layi shida ya yi ya zauna. Na tsaya a bakin gonar ban taya shi ba, don na san ba zai so ba.

'Yan barka da zuwa suka cika gida. Ba a yi kwana uku ba wani ɗan uwanmu mai motoci a Ƙonni ya ce ya ga Nomau ya rame, a kira majon gari a yi masa ƙarin ruwa a kansa. Wannan karon ban jira kunya ta rufe mini baki ba. Na ɗauko littafin na ajiye a gabansa na ce sai likita ya gani. Ya ɓata rai. Yaya ya ce masa, "In kana son lada, aiko mini da buhun taki. Shi na san inda za a ɗura shi."

Ga yadda tafiyar ta tashi. Na rasa Alhaji Sahabi, kuma da shi na rasa Abijan, don a zango in mai masauki ɗaya ya juya maka baya sauran ba sa son su ɓata da shi. Albasata ta shekarar rabinta ta ruɓe a rumbu kafin in sami sabuwar hanya ta Lome, inda na koma baƙo da furfurata. Har yau in na tuna tuwon da na ci a gidansa ba na jin daɗi, don bai nufe mu da sharri ba, kuma da na juye buhun tun ranar Juma'ar farko, a keɓe, da wataƙila muna tare. Yaya ya bar abin da ya bari a asibiti. Ciwon bai warke ba, likita bai taɓa cewa zai warke ba.

Amma ya shuka gonarsa damina uku, ya ci hatsinta. A ta huɗu ciwon ya dawo ta ƙashi, ya rasu bayan an gama girbi, a ɗakinsa, aka kai shi makwancinsa a ƙasar da ya noma. Damina uku ga Yaya a kan shekarata goma sha tara da Alhaji. Na yi ciniki da yawa a rayuwata, wasu na ci, wasu an ci ni. Wannan ko yau aka sake kawo mini shi, zan ce na saya.